Darasi na 9: Man Boreji da Maiƙon da Jiki Ke Bukata

Jikin mutum yana iya haɗa yawancin maiƙon da yake bukata daga tuwo da shinkafar da ake ci. Amma akwai iri biyu da ba ya iya yi da kansa, dole sai sun shigo ta baki. Sunayensu omega-6 da omega-3. Su ne ke taimaka wa fata da ido da ƙwaƙwalwa, musamman ta jariri.

A 1929 aka gano haka a Amurka. George Burr da matarsa Mildred sun riƙa ba ɓeraye abincin da aka tsame wa mai ƙaf. Ɓerayen suka daina girma, fatarsu ta bushe, wutsiya ta yi ta saɓa. Da aka ɗan ɗiga musu mai a abinci, suka murmure.

To, ina man boreji ya shigo? Boreji tsiro ne na ƙasashen bakin tekun Bahar Rum. Furensa shuɗi ne, mai siffar tauraro. Daga 'ya'yansa ake matse man, a zuba a kafso, a kawo mana cikin kwalba. Kusan kashi 20 cikin 100 na man wani maiƙo ne da ake rubutawa GLA, ɗan gidan omega-6. Mai talla zai ce muku jiki ba ya rayuwa sai da shi. Abin da ba zai faɗa ba shi ne, jikin mai lafiya da kansa yake yin GLA daga wani omega-6 ɗin da ke cikin man gyaɗa, riɗi, agushi da waken suya. Mai cin miyar agushi da ƙuli-ƙuli ya riga ya samu rabonsa, kuma da araha.

Omega-3 ne ma ya fi wuyar samu, shi kuwa man boreji kusan babu shi a ciki. Kifi mai maiƙo ke ba da shi, irin su titus da sardin, sai ɗan kaɗan a man waken suya.

An daɗe ana sayar da man boreji don ciwon fata mai ƙaiƙayi. A 2013 masana suka tattara gwaje-gwajen da aka yi, suka tarar bai fi kafson wofi amfani ba.

Akwai kuma haɗari. Tsiron boreji yana ɗauke da wani dafi mai cutar da hanta, wanda sai an tace man sosai yake fita. Saboda haka mai juna biyu da mai shayarwa su bar shi. Haka mai ciwon hanta. Mai shan maganin tsinka jini, ko wanda za a yi wa tiyata, ya fara tambayar likita, domin man na iya sa jini ya ƙi tsayawa da wuri.

Idan kwalbar ta shigo hannunku, kada kyan hoto ya ruɗe ku. Ku juya bayanta. Ku nemi lambar NAFDAC, idan a Najeriya kuke, sannan ranar da maganin zai daina aiki. In rubutun ya yi ƙanana, ku sa mai kemis ya karanta muku da ƙarfi.

Aikin gida: kowa ya rubuta sunayen abinci 3 masu maiƙo da aka ci a gidansa wannan mako. Gobe ku zo da kwalbar kowane irin magani, mu koyi karanta wata da shekarar da ke jikinta.