Kurakuran da ake yi wajen kama otal kusa da tashar jirgin ƙasa idan za a je kallon mawaƙa a Landan

Tun da mawaƙan Najeriya suka fara cika manyan filayen wasa na Landan, kamar yadda Burna Boy ya yi a London Stadium a watan Yunin 2023, Wizkid kuma ya biyo baya a filin Tottenham a watan Yulin shekarar, mutanenmu da ke karatu ko aiki a Manchester da Leeds da Birmingham da Glasgow sun saba hawa jirgin ƙasa su kwana ɗaya a birnin domin su halarta, wasu ma daga gida suke tasowa takanas. Tikitin shiga ana sayensa da natsuwa tun watanni kafin ranar, amma batun masauki sai a bar shi a baya, a kuma yanke shi a gurguje bisa shawara ɗaya da kowa ke bayarwa, wato a kama ɗaki kusa da tashar jirgi. Shawarar ba ta da laifi, sai dai ba ta cika ba, domin Landan tana da manyan tashoshin jiragen nesa sama da goma, ga kuma tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa 272, kuma kusanci da ɗaya daga cikinsu ba ya nufin kusanci da inda za a yi wasan.

Babban kuskuren, wanda sauran suke fitowa daga cikinsa, shi ne zaɓar otal bisa tashar da mutum zai sauka da rana, alhali tafiyar da ke da wahala ita ce ta komawa da dare. Da rana mutum yana da ƙarfinsa, jirage na zuwa akai-akai, ko ya ɓata hanya zai gyara ba tare da fargaba ba. Da dare kuwa zai fito ne tare da dubban mutane a lokaci guda, ƙafafu sun gaji da tsayuwa, cajin waya ya kusa ƙarewa, lokacin jirgin ƙarshe kuma yana matsowa. Gyaran wannan shi ne a fara lissafi daga ƙofar filin wasan: wace tasha ce ta fi kusa da shi, wane layi ne ke bi ta wurin, kuma wane otal ne ke kan wannan layin ta yadda za a isa ba tare da canjin jirgi ba. Wanda ya zo daga Leeds ko Newcastle zai sauka a King's Cross, kuma idan filin Wembley zai je, kwana a unguwar ya yi daidai, tunda layin Metropolitan na ɗaukar mutum daga can kai tsaye zuwa tashar Wembley Park. Haka nan idan Tottenham zai je, layin Victoria na haɗa King's Cross da Euston da Seven Sisters, tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa mafi kusa da filin. Amma idan wasan a zauren O2 ne, babu layin da zai dawo da shi King's Cross ba tare da ya canja jirgi ba, kuma otal a London Bridge ko Waterloo ya fi masa sauƙi. A ganina, abin da ya fi cancanta matafiyi ya riƙe a kansa shi ne layin Jubilee, saboda shi kaɗai ya ratsa Wembley Park da North Greenwich, inda O2 yake, da Stratford, inda London Stadium yake. Wanda ya kwana a kan wannan layin ya rage wa kansa rabin wahala a uku daga cikin manyan wuraren nan huɗu.

Daga nan sai yaudarar sunaye, wadda ta fi cin baƙi. Tottenham Court Road tasha ce a tsakiyar birni kusa da kasuwannin titin Oxford, kuma tsakaninta da filin Tottenham da ke arewacin Landan akwai tafiya mai nisa. Wanda ya kama ɗaki a can yana zaton ya kusanci filin ya biya kuɗin tsakiyar gari ne kawai. Tashar Greenwich daban take da North Greenwich, ba sa ma kan layi ɗaya, kuma ta biyun ce ke bakin ƙofar O2. Stratford ta gabashin Landan ba ita ce Stratford-upon-Avon ba, wadda gari ne mai zaman kansa can wajen Birmingham, duk da haka shafukan kama otal kan jero su tare idan mutum ya rubuta sunan a taƙaice. Wembley kanta tana da tashoshi uku: Wembley Park a kan Jubilee da Metropolitan, da Wembley Stadium wadda jiragen kamfanin Chiltern daga tashar Marylebone ke tsayawa a cikinta, da Wembley Central a kan Bakerloo, wadda ta fi sauran nisa da filin. Ga kuma otal-otal na Luton da Gatwick da Stansted da ke maƙala kalmar Landan a gaban sunansu saboda filayen jiragen sama, alhali suna wajen birnin gaba ɗaya. Wanda ya taɓa sauka a tashar Idu ta Abuja ko Rigasa ta Kaduna ya riga ya san cewa tasha na iya ɗaukar sunan gari amma ta bar mutum da doguwar tafiya kafin ya shiga cikinsa. Maganin ba shi da wuya: a ɗauki lambar gidan waya ta otal ɗin, wadda kowane adireshi a Birtaniya yake da ita, a sa ta a manhajar taswira tare da sunan filin wasan, a ga ainihin hanyar da minti nawa take ci.

Sai dai a nan ma akwai wani tarko, domin mutane da yawa kan duba hanyar da tsakar rana su ga minti talatin su gamsu, ba su gyara lokacin zuwa daren da za a yi wasan ba. Manyan wasanni a filayen Landan yawanci ana kammala su ne wajen ƙarfe 11 na dare, a ranar Lahadi ma kafin haka, jiragen ƙarƙashin ƙasa kuma sukan yi zagayen ƙarshe jim kaɗan bayan sha biyun dare, su ma a ranar Lahadi suna rufewa da wuri. Tun shekarar 2016 akwai jiragen da ke kwana suna aiki, amma a daren Juma'a da na Asabar kaɗai, kuma a kan layuka biyar: Central da Jubilee da Northern da Piccadilly da Victoria. Metropolitan ba ya cikinsu, haka ma layin Elizabeth. Ma'anar wannan ita ce otal ɗin da ya dace da wasan Asabar ba lalle ne ya dace da na Laraba ko Lahadi ba. Kuma tazarar da ke tsakanin tashi daga wasa da jirgin ƙarshe ba duka ta mutum ba ce. Filin Wembley na ɗaukar mutum 90,000, kuma idan aka tashi, jami'ai kan riƙa tsayar da jama'a rukuni-rukuni a kan hanyar Olympic Way kafin su bar su shiga Wembley Park, ta yadda tafiyar da ba ta wuce minti goma ba da rana za ta iya ninkuwa sau da yawa. Daga filin Tottenham zuwa Seven Sisters kuwa tafiyar ƙafa ce ta kusan rabin awa tun kafin a yi maganar layi. Duk wanda hanyarsa ta komawa ke buƙatar canjin jirgi sau biyu ya kamata ya ɗauka cewa zai iya rasa na ƙarshen, ya kuma san tun da rana wace motar bas ta dare ce za ta kai shi ƙofar otal.

Akwai masu ganin za su tsallake kuɗin otal baki ɗaya su kama jirgin ƙarshe zuwa Manchester ko Leeds. Wani lokaci hakan na yiwuwa, amma galibi sai dai mutum ya fita tun kafin a gama wasan da ya biya kuɗi mai yawa domin ya kalla, kuma tikitin jirgi mai rahusa da aka saya tun da wuri yana aiki ne a kan jirgin da aka rubuta masa kaɗai. Idan ya wuce, sai sabon tikiti da safe da kuma neman wurin kwana a lokacin da ɗakuna suka fi tsada.

Kishiyar wannan kuskuren shi ne nacewa sai an kwana a jikin filin wasan. Ba na cewa wannan laifi ne a kowane hali. Ga mai tafiya da yara, ko mai ciwon ƙafa, ko mace mai tafiya ita kaɗai da ba ta son shiga jirgi da tsakar dare, ikon takawa da ƙafa zuwa ɗaki abu ne da ya cancanci a biya masa. Amma otal-otal na kusa da filayen kan ɗaga farashi da zarar an sanar da ranar wasa, kuma su ne ke fara cika. Dabarar da ta fi amfani ga mai ƙaramin ƙarfi ita ce ya nemi masauki a kan layin nan dai, amma ta ɓangaren da ke fita daga birni, tunda yawancin jama'a tsakiyar gari suke nufa. Daga Wembley Park, Harrow-on-the-Hill tasha kaɗan ce ta arewa a kan Metropolitan; daga O2 kuma Canning Town da Stratford suna gabas a kan Jubilee. Layin shiga tasha dai sai an bi shi tare da kowa, amma samun wuri a cikin jirgin ya fi sauƙi.

Idan an zo kan ɗakin kansa, abin da aka fi sakaci da shi shi ne karanta bayanin da ke ƙasan hotuna. Unguwannin Paddington da King's Cross da Victoria cike suke da tsofaffin gidajen da aka mayar otal, masu matsattsen matakala ba tare da na'urar hawa bene ba, wasu kuma da banɗakin da ake tarayya da sauran baƙi. Ɗakin da ya fi arha a wasu sababbin otal-otal ba shi da taga ko ɗaya, kuma an rubuta hakan, sai dai mai gaggawa ba ya gani. Manyan wasannin filaye a lokacin zafi ake yinsu, daga Yuni zuwa Agusta, yawancin ƙananan otal-otal kuwa ba su da na'urar sanyaya ɗaki, don haka dole a buɗe taga. Idan tagar tana fuskantar layin dogo ko babban titi irin Euston Road, barci ya zama aiki. Saƙo guda zuwa ga otal ɗin, ana roƙon ɗakin da ke ta baya ko a hawa na sama, ba ya cin ko kwabo, kuma sau da yawa ana biya wa mutum buƙatarsa. Ya kamata kuma a tabbatar akwai mai karɓar baƙi dukan dare, domin wasu ƙananan masaukai kan rufe teburinsu da yamma su bar wa baƙo lambar buɗe ƙofa a waya, wadda ba ta da amfani idan wayar ta mutu.

Batun kaya ya fi yadda ake ɗaukarsa muhimmanci. Wembley da O2 ba sa barin a shiga da jakar da ta wuce girman takardar A4, otal-otal kuma yawanci ba sa ba da ɗaki sai wajen ƙarfe uku na rana. Wanda jirginsa ya iso da yamma, otal ɗinsa kuma yana wani ɓangaren gari, zai tsinci kansa tsakanin zuwa ajiye kaya ya makara da zuwa ƙofa da jakar da za a mayar da shi saboda ita. Nan ne kusanci da tashar sauka yake da amfaninsa na gaske, kuma shi ya sa otal mafi dacewa shi ne wanda ya haɗa biyun, kamar na unguwar Baker Street da Marylebone ga mai zuwa Wembley daga Birmingham a jirgin Chiltern. Unguwar nan tana da wata fa'ida ga Musulmi, domin babban masallacin Regent's Park yana nan kusa, gidajen abincin halal na Edgware Road ma haka, kuma da yawansu sukan kai dare a buɗe. Idan ba a samu irin wannan haɗin ba, a tambayi otal tun kafin a biya ko suna karɓar ajiyar kaya kafin lokacin shiga ɗaki, ko a yi amfani da wuraren ajiya na kuɗi da ke manyan tashoshi, bayan an duba lokacin da suke rufewa.

Saura batun kuɗi. Shafukan kama otal kan nuna farashi biyu ga ɗaki ɗaya, mai rahusa wanda ba a mayar da kuɗinsa, da mai ɗan tsada wanda za a iya sokewa kyauta zuwa wata rana da aka ƙayyade. Ido kan tafi ga na farkon, amma tafiyar kallon mawaƙa tana rataye ne a kan abubuwan da ba sa hannun matafiyi. Ana ɗage wasa ko a soke shi, kuma mayar da kuɗin tikiti ba ya shafar otal ko kaɗan. Ma'aikatan jiragen ƙasa na Birtaniya sun yi ta yajin aiki daga 2022 zuwa 2024, gyaran layin dogo kuma galibi a ƙarshen mako ake yinsa, inda ake rufe wani yanki na hanya a maye gurbinsa da motocin bas masu jinkiri, abin da zai iya mayar da otal mai kyau ya zama marar amfani a wannan daren. Ga wanda zai taso daga Najeriya ko Nijar ko Gana, akwai kuma biza, kuma bai kamata a biya kuɗin da ba ya dawowa ba kafin ta fito. Mako guda kafin tafiya, a sake duba shafin hukumar sufuri ta Landan da na kamfanin jirgin da za a hau, tun lokacin sokewa kyauta bai wuce ba. A kuma tabbatar katin bankin da za a tafi da shi yana aiki a ƙasar waje, saboda otal da yawa kan nemi a nuna katin da aka kama ɗakin da shi, wasu su riƙe wani abu a kansa a matsayin jingina har ranar fita, motocin bas na Landan kuwa tun 2014 suka daina karɓar tsabar kuɗi, sai katin banki mai taɓawa ko katin sufuri na Landan da ake kira Oyster.