Yadda ake yi wa saniya barbarar zamani a Tahoua

Mai shanu 2 ko 3 a cikin garin Tahoua ba shi da dalilin ciyar da bijimi shekara guda don barbara ɗaya. Dusar da bijimin zai cinye gara a ba saniyar tatsa, a nemi maniyyin zaɓaɓɓen sa a hannun likitan dabbobi.

Aikin yana farawa daga jikin saniyar. Wadda rani ya rame ta har ana ƙirga haƙarƙarinta ba ta cika ɗaukar ciki ba, ko da irin wane sa aka kawo. A ba ta harawa, dusa, angurya da gishirin lasa tun da wuri, a yi mata maganin tsutsar ciki. In ta haihu, a bar ta ta huta kamar kwana 60. Abin yana ci mini rai in na ga an biya kuɗin likita a kan ramammiyar saniya, daga baya a ce maniyyin ne ba shi da kyau.

Sai zaɓen iri. Shawarata ga mutumin Tahoua ita ce Azawak, jar saniyar da aka sani daga Abalak zuwa Tchintabaraden, wadda tashar binciken kiwo ta Toukounous da ke ƙasar Filingué ta daɗe tana zaɓen masu nono a cikinta. Tana jure zafi da tafiyar neman ruwa. Irin Turai kamar Holstein ya fi nono nesa, amma sai mai rumfa, ruwa kullum da kuɗin abinci a watan Afrilu da Mayu. Wanda ba shi da waɗannan wahala zai sayo wa kansa.

Inda aka fi yin asara shi ne gane lokaci. Saniya tana neman sa kusan duk kwana 21, kuma abin sa'o'i ne kawai. A shanunmu masu tozo ya fi gajarta, sau da yawa ma cikin dare yake zuwa. Don haka a duba garke da asuba, a sake dubawa da almuru. Za ta riƙa kuka, ta kasa natsuwa, nononta ya ragu, ruwa mai yauƙi yana fita ta bayanta. Alamar da ta fi ƙarfi ita ce ta tsaya cik wata saniya ta hau ta. In an ga haka da safe, a yi aikin da yamma; in da yamma ne, washegari da safe. A kira likita nan take.

Shi ne zai zo da maniyyin a daskare cikin tulu mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, ya narkar da shi a ruwan ɗumi na digiri 35 zuwa 37, ya sa a mahaifa. Naka shi ne ɗaure saniyar a inuwa da rubuta ranar.

Bayan kwana 18 zuwa 24 a sa ido. In ta sake neman sa, bai kama ba, sai a maimaita. In shiru, likita ya duba ta bayan wata 2. Cikin yana ɗaukar wata 9 da 'yan kwanaki.

Kuɗin ba ya dawowa da sauri. Karsana sai ta yi shekara 3 ko fiye kafin ta fara ba da nonon sayarwa ko na cuku, namiji kuma a turke shi don kasuwa. Ranar haihuwa a bar maraƙin ya sha dakashi a sa'o'in farko, a rubuta sunan uwarsa da lambar san, don kada nan gaba a sa wa karsana maniyyin ubanta.