Darasi na Tara: Neman Sabon Littafi ta Waya

Wanda ya koyi karatu da girma, abin da ya fi mayar da shi baya shi ne rashin abin karantawa. An gama aji, littafin aji ya ƙare, sai haruffa su fara zamewa. Bai kamata haka ta faru da mu a Zariya ba. A garin nan aka fara fitar da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kuma Kamfanin Gaskiya da ke Tudun Wada ya daɗe yana buga littattafan Hausa. Yau wayar da ke hannunku za ta iya nuna muku littafin da za ku karanta gaba.

Ku fara da Google. Kada ku rubuta "littafi" kawai, abin zai yi yawa. Ku haɗa da abin da kuke so: littafin Hausa na noma, na girki, na tarihin Zazzau. Sunan marubuci ya fi komai saurin kai ku. Idan kuka rubuta Abubakar Imam, za ku ga littattafansa, daga nan kuma sunayen wasu marubutan su biyo baya. In sunan yana da ƙ, ɗ ko ɓ bai fito ba, ku sake gwadawa da k, d, b, domin mutane da yawa haka suke rubutawa a intanet.

Ga wanda har yanzu yake haɗa baƙi a hankali, shafin African Storybook ya fi dacewa. Akwai gajerun labarai na Hausa masu hotuna, kyauta, an jera su daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Don yara aka yi su, amma wannan ba abin kunya ba ne. Ku sauke labari ɗaya lokacin da kuke da data, ku karanta da 'ya'yanku ko jikokinku bayan sallar isha'i.

Masu son dogon labari suna da manhajar Wattpad, inda marubutan Hausa da yawa, musamman mata, suke sa labarinsu babi-babi. Tana lura da abin da kuka karanta, sai ta kawo muku irinsa. A nan a yi hattara: abin da ta kawo ba lallai ne ya zama mai kyau ba, kuma wasu labaran ba na gaban yara ba ne. Ku karanta shafin farko kafin ku ci gaba.

Littafin da ake turawa a WhatsApp ba da izinin mai shi ba, guminsa ne ake ci. In na sayarwa ne, ku saya.

Aikin gida: ku nemo sunayen littattafai uku na Hausa da marubutansu, ku rubuta a takarda da hannunku. Ku je da ita shagon littattafai a Sabon Gari ko Samaru ku tambayi kuɗin kowanne, sannan ku kawo wa malaminku ranar aji.