Yadda Ake Bin Diddigin Tarihin Jirgin Yaƙin Japan: Misalin Amagiri

A bara ɗan ƙanwata da ke karatun sakandare a nan Jidda ya kawo mini aikin da malamin tarihi ya ba su a kan Yaƙin Duniya na Biyu, inda ya zaɓi jirgin ruwan Japan mai suna Amagiri. Rubutun ba laifi, amma hoton da ya manna a bango na wani jirgi ne mai filin saukar helikwafta a bayansa. Daga wannan kuskure zan fara, domin shi ne ramin farko da mai bincike ke faɗawa.

Kafin komai, ka tabbatar da jirgin da kake nema. Japanawa suna maimaita sunayen jiragensu kamar yadda muke yi wa jariri takwara da kakansa. Akwai Amagiri na zamani wanda ya fara aiki a 1989, wanda shi ne a hoton yaron, akwai kuma na lokacin yaƙi wanda aka ƙera a masana'antar Ishikawajima da ke Tokiyo, aka sa shi a ruwa a watan Fabrairun 1930, ya shiga aiki ranar 10 ga Nuwamba na wannan shekara. Saboda haka idan za ka yi bincike a intanet, ka haɗa sunan da shekarar ƙira da kuma ajin jirgin. Namu ɗan ajin Fubuki ne, jirage 24 masu sauri irin waɗanda ake kira distiroya, tsawonsa kimanin mita 118, yana da manyan bindigogi 6 masu bakin milimita 127 da bututun harba tofido (makamin da ke bi ta cikin ruwa ya fasa jirgi) 9, yana kuma gudun da ya kai wajen kilomita 70 a sa'a. Ma'anar sunan kuwa ita ce hazon sama.

Daga nan sai ka ɗauki takarda ka ja layi uku: kwanan wata, wuri, da abin da ya faru. Wanda ya saba juya kalandar Hijira zuwa Miladiyya a takardun iƙama ba zai sha wahala a nan ba, domin takardun Japan na wancan zamani suna ƙirga shekaru ne daga hawan Sarki Hirohito, zamanin da suke kira Showa. Ka ƙara 1925 a kan lambar da ka gani, sai Showa 18 ta zama 1943. Haka kuma rundunar ruwan Japan tana rubuta lokaci da agogon Tokiyo ko ina jirgin yake, alhali agogon Tsibiran Solomon, inda Amagiri ya fafata da Amurkawa, yana gaba da sa'o'i biyu, don haka abin da ya auku da tsakar dare yana iya fitowa da ranaku biyu daban a takardun ɓangarorin biyu. Cibiyar JACAR, wadda gwamnatin Japan ta buɗe a 2001, ta sa hotunan ɗimbin irin waɗannan takardu a intanet kyauta, sai dai da Japananci suke.

Idan ka cika layukan, za ka ga Amagiri yana rakiyar sojojin da suka sauka a Malaya a Disamban 1941, sannan a ƙarshen Janairun 1942 yana cikin jiragen da suka nutsar da HMS Thanet na Ingila a kusa da garin Endau na Malaya. Ranar 28 ga Agustan 1942 jiragen saman Amurka suka far wa Amagiri da jiragen da ke tare da shi a hanyar tsibirin Gwadalkanal na Solomon, jirgin Asagiri ya nutse, shi kuwa Amagiri ya jawo jirgin Shirakumo da aka lalata zuwa tsibirin Shotlan. A ganina wannan rana ta fi nuna ainihin aikin irin waɗannan jirage, wato dakon sojoji da shinkafa da harsasai cikin dare, da jan ɗan'uwan da ya samu rauni.

Inda za ka fi bukatar natsuwa shi ne daren 2 ga Agustan 1943. Amagiri yana komawa sansanin Japanawa na Rabaul bayan sun kai sojoji da kaya tsibirin Kolombangara tare da jiragen Hagikaze da Arashi da Shigure, sai ya bi ta kan ƙaramin kwalekwalen yaƙin Amurka, PT-109, a mashigin Bilaket, ya raba shi biyu. Mutum 2 daga cikin 13 suka mutu, kuma shugaban kwalekwalen, Jon Kennedi, shi ne ya zama shugaban Amurka a 1961. Da yake labarin ya haɗa da babban mutum, kowa ya ƙara masa gishiri. Kwamandan Amagiri, Kohei Hanami, ya ce da gangan ya ba da umarnin a banke kwalekwalen, amma babban jami'in da ke sama da shi a cikin jirgin, Katsumori Yamashiro, ya ce shi umarnin kaucewa ya bayar. Kada ka yi musu alƙalanci ka zaɓi wanda ya fi daɗin ji. Ka rubuta maganar kowa da sunansa, ka kuma lura cewa duka biyun sun yi bayanin ne bayan yaƙi, lokacin da sunan Kennedi ya fara tashe.

Kada kuma ka ajiye alƙalami a nan, kamar yadda ɗan ƙanwata ya yi. Kwanaki kaɗan bayan haka aka sake tura jirage wannan hanya ba tare da Amagiri ba, sai Amurkawa suka nutsar da Hagikaze da Arashi da Kawakaze a ruwan Bela Galf da ke kusa da Kolombangara. Ranar 25 ga Nuwamban 1943 ma Amagiri ya sha da ƙyar a kusa da Kef Sant Joj, a hanyar Rabaul, inda aka rasa jiragen Onami da Makinami da Yugiri.

Wajen rubuta nutsewar jirgi, abubuwa huɗu ake bukata: rana, wuri, sanadi, da makomar mutanen ciki. Ranar 23 ga Afrilun 1944, yana tafe daga Singafo zuwa Dabawo ta ƙasar Filifin tare da manyan jiragen Aoba da Oi, Amagiri ya taka nakiyar ruwa a mashigin Makasar, kimanin kilomita 100 kudu da garin Balikpapan. Ya ɗauki fiye da sa'o'i biyu kafin ruwa ya haɗiye shi, wanda hakan ya ba da damar kwashe mafi yawan mutanensa. Ka kula kada ka haɗa ranar nutsewa da ranar da aka soke sunan jirgi daga rajistar runduna, domin ta biyun ita ce 10 ga Yunin 1944, kuma na ga waɗanda suka ɗauke ta a matsayin ranar hatsarin.

A ƙarshe ka buɗe taswira ka ɗora yatsa a kan kowane wuri da ka rubuta. Mu da ke zaune a ƙasar da alhazan duniya ke taruwa muna da wata dama a nan, domin da yaron ya kasa furta Balikpapan, wani ɗan Indonesiya da muke salla tare a masallacin unguwa ne ya gyara masa, ya kuma nuna masa a wayarsa cewa garin yana gabashin tsibirin Borniyo, kuma har gobe garin matatar man fetur ne.