A daina shan ataya bayan Magariba

'Yan'uwa, in mura na yawan kama ku, ku daina shan ataya, wato shayin nan mai ƙarfi, daga Magariba, ku kwanta ƙarfe 10.

Da ina zaman hira a unguwar Aboabo a Kumasi har ƙarfe 1, asuba in wuce kasuwar Kejetia. Duk hunturu kuɗina a maganin mura yake ƙarewa.

Ataya na korar barci. Alhali cikin barci jiki ke ƙara fitar da sinadaran da fararen ƙwayoyin jini ke aiki da su wajen yaƙar cuta. Wani bincike a Amurka a 2015 ya nuna mai barcin ƙasa da awa 6 ya ninka mai barcin fiye da awa 7 kamuwa da mura sau 4.

Amma in zazzaɓi ne da rawar sanyi, kada ku tsaya jira. Ku je gwajin maleriya.