Kafin ka ƙirga kuɗin gida a Yamai

Cikin wata biyu mutum uku suka zo mini da kuka iri ɗaya: sun biya kuɗin gida, barci ya ƙaurace musu. Na gaji da ba da haƙuri bayan aikin gama ya gama, shi ya sa zan faɗi abin da na sani tun kuɗinka na hannunka.

Babban kuskure shi ne sayen gida da rani. Ni a watan Afrilu na sayi nawa na farko, a hayin kogi, ɓangaren Haro Banda. Ƙasa a bushe ƙamas, bango ya sha sabon fenti, farashi da sauƙi. Dillali ya dafa kafaɗata ya ce, "Alhaji, nan ruwa bai taɓa zuwa ba." Na yarda. A Satumbar 2020 kogin Isa ya cika har kusan mita 7, shingen tare ruwa na unguwar Lamorde ya fashe, ruwa ya shiga unguwannin bakin kogi, irin su Kirkisoye da Saga. Cikin dare na fitar da iyalina, ruwa har gwiwa, uwargida ta ɗora takardunmu a ka. Buhunan hatsi da katifu duk suka tafi. Abin da ya fi ci mini rai, daga baya maƙwabta suka ce ai ko a 2012 ruwa ya kwana cikin gidan nan. Kowa ya sani a layin, ni kaɗai ne ban tambaya ba.

Kada ka ce kai nesa da kogi za ka saya. Ruwan sama ma yana da hanyarsa, kuma ba ya manta ta. Dubi kwarin Gunti Yena da ya ratsa tsakiyar gari, dubi wuraren da aka cike tafki da shara aka yi gini a kai. Al'adata yanzu, ba na biyan ko dala sai na ga gida a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi. In ba zan iya jira ba, bangon maƙwabta nake dubawa don ganin alamar ruwa, domin mai sayarwa nasa kaɗai yake shafewa. Sannan in zauna wurin mai shayi ko a fadar samarin layin in sha kofi biyu. Abin da za ka ji a nan, dillali ba zai faɗa maka shi ba ko da rantsuwa.

Na biyu, takarda. Wallahi ina mamakin mutumin da zai kwana yana ciniki a kan babur, amma ya miƙa miliyoyi a kan hoton takarda da aka turo masa ta WhatsApp. Wace irin gaggawa ce wannan? Takardun ba ɗaya ba ne. Shaidar mai gari ko sarki ta mallakar gargajiya daban, takardar meri, wato ofishin magajin gari, da ake ba wa filin da aka yanka daban, titir fonsiye kuma, wato takardar mallakar fili ta gwamnati, shi ne mafi ƙarfi. Ka ɗauki lambar fili ka je da ƙafarka ofishin da ya ba da takardar, a buɗe rajista, ka ga sunan wa ke ciki. Fili ɗaya a sayar wa mutum biyu ba sabon abu ba ne a garin nan. Wanda kuma ya ce zai sayar maka da wuri cikin dajin dogon yaron da aka dasa ya kewaye gari, ka yi masa sallama ka wuce.

Gidan gado ya fi kowanne haɗari. Wani abokina ya biya babban wa, ya rushe ɗaki biyu, ya fara gini, sai ga ƙanensu ya dawo daga Kumasi yana neman rabonsa. Har yau suna gidan shari'a. In gidan gado ne, a nuna maka takardar kotu mai sunayen magada da wanda suka wakilta, mata da marayu duk a ciki. Ni a gaban notar, wato jami'in da doka ta ba ikon tabbatar da takardun ciniki, nake biya, da shaidu. Wasu na cewa ɓarnar kuɗi ce. Ban taɓa nadamar wannan kuɗin ba.

Sauran ƙanana ne. Ƙwanƙwasa bango, domin gidan ƙasa da aka yaɓe da siminti kan yi kama da na bulo. Nemi rasit na ƙarshe na kamfanin lantarki NIGELEC da na ruwa, kada ka gaji bashin wani. Kawo mai awo ya nemo iyakokin fili. Ku yanke ladan dillali tun kafin ciniki.

Ka kuma gwada hanyar wurin aikinka da ƙarfe 7 na safe, ba ranar Lahadi ba. In sai ka tsallake Gadar Kennedy kullum, ka lissafa kuɗin mai da na kai yara makaranta na shekara guda, ka ɗora a kan farashin gidan.