Kafin ku hau jirgin ruwan shaƙatawa da ƙananan yara

Idan kun yi niyyar hutun iyali a cikin jirgin ruwan shaƙatawa, ku fara lissafi daga kan ɗan autanku. Watanninsa nawa, ƙarfe nawa yake barcin rana, ya bar kunzugu ko bai bari ba: waɗannan su za su zaɓa muku jirgi, su zaɓa muku hanya, su zaɓa muku ɗaki. Hotunan talla ba sa faɗin haka, sai dai ku ga yara suna ta dariya a bakin ruwa. Ni uwa ce, na yi irin wannan tafiya da goyo da kuma wadda ta fara wayo, kuma abin da na gani shi ne duk tsarin da bai yi wa ƙaramin daidai ba, babu wanda zai more shi, har uban gayya.

Maganar shekaru ita ce ta farko, domin a kanta ake mayar da mutane daga bakin tasha. Manyan kamfanoni irin su Royal Caribbean da Carnival da Disney Cruise Line ba sa ɗaukar jaririn da bai cika wata 6 ba a ranar tashi. Idan tafiyar ta tsallaka teku ce, kamar daga Turai zuwa Amurka ta Atlantika, sai ya cika wata 12. Royal Caribbean ma kan nemi wata 12 ɗin a duk tafiyar da jirgi zai yi kwana 3 ko fiye a jere bai tsaya a ƙasa ba. Dalilinsu a fili yake: asibitin cikin jirgi ƙarami ne, ba a tanade shi don jinyar jarirai ba. Haka nan mai juna biyu, idan cikinta zai shiga mako na 24 kafin a gama tafiyar, yawancinsu ba za su bar ta ta hau ba. Ku ƙirga daga ranar dawowa. Akwai kuma kamfanonin da ba sa ɗaukar yara kwata-kwata, irin su Virgin Voyages da Viking, waɗanda sai mai shekara 18 zuwa sama, saboda haka kada ku ɓata lokaci a kansu.

Sai wurin kula da yara, wanda shi ne yake jawo iyaye da yawa tun farko. A nan ma akwai ƙa'ida. A jiragen Royal Caribbean da Disney, kulob ɗin yara na kyauta yana farawa ne daga shekara 3, kuma ana son yaro ya iya zuwa ban ɗaki da kansa. Carnival kan karɓa daga shekara 2. Wanda bai kai ba, wasu jirage suna da ɗakin reno, amma biya ake yi a kan awa, gurabe kaɗan ne, kuma ba kowane jirgi ne yake da shi ba ko da kamfanin ɗaya ne. Don haka kada ku tsaya a kan sunan kamfani, ku bincika ainihin jirgin da za ku hau.

Abin da ya fi ba iyaye mamaki shi ne wurin ninkaya. Yaron da yake sa kunzugu ba a barinsa ya shiga, ko da kunzugun wanka ne, saboda dokokin tsafta da suke hana yaɗuwar cututtukan ciki. Na ga uba tsaye riƙe da ɗansa ɗan shekara biyu, yaron yana miƙa hannu yana ihu yana nuna yayyensa a cikin ruwa, ma'aikaci kuma yana ba da haƙuri. Wasu jirage sun ware ɗan fili mai feshin ruwa musamman don masu kunzugu. Idan naku bai bari ba, wannan filin ya fi muku duk wani dogon silalo da ake talla da shi. In kuma saura ƙiris ya bari, ni shawarata ku ɗaga tafiyar da 'yan watanni, za ku ga bambanci.

A kan tsawon tafiya, kwana 3 zuwa 5 ya isa gwaji na farko, kwana 7 kuma shi ne aka fi yi. Ku duba jadawalin ku ga kwana nawa ne na tsayawa a gari, nawa ne na teku zalla. A yammacin Bahar Rum, jirgin da ya tashi daga Barcelona kan tsaya kusan kullum, yau Marseille a Faransa, gobe wata tasha a Italiya. Yana da daɗi a takarda, amma ku sani idan an rubuta Roma, a Civitavecchia jirgin yake tsayawa, kuma daga can zuwa cikin birnin tafiyar sama da awa guda ce, zuwa kawai. Ku haɗa wannan da zafin watan Yuli da yaro mai jin barci. Tafiyar yankin Karebiyan daga tashar Miami ko Port Canaveral a Amurka ta fi sauƙi ga ƙanana, domin galibi bakin teku ne kusa da inda aka sauka, sai dai lokacin guguwa a can daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, kuma kyaftin yana iya sauya hanya ba tare da neman izinin kowa ba. Ku lura kuma da wuraren da jirgi ba ya iya matsowa gaɓa, kamar tsibirin Santorini a Girka da na Grand Cayman a Karebiyan, inda ake kwasar mutane a ƙananan jirage. Shiga irin wannan da keken jariri da jaka da yaro a kafaɗa, ruwa yana rausaya, ba ƙaramin aiki ba ne.

Ku isa garin da za a tashi tun ana gobe. Jirgin sama yana makara, jirgin ruwa kuwa ba ya jira.

Takardu kuma ku fara da wuri. Kowane yaro da fasfonsa, har jariri, kuma ya kasance da sauran aƙalla wata 6 bayan ranar dawowa. Biza ta danganta da fasfon da kuke riƙe da shi da kuma duk ƙasar da jirgin zai tsaya, ko da ba ku da niyyar sauka a can; kamfani yana iya hana ku hawa a kan ƙasa guda. Idan ɗaya daga cikin iyaye ne kawai zai yi tafiyar, a riƙe takardar amincewar ɗayan da sa hannu.

Yanzu ɗaki, kuma a nan nake so ku natsu. Ɗakin jirgi ƙarami ne ƙwarai, da zarar an kafa gadon jariri to hanyar wucewa ta ƙare. Ku nemi wanda yake tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa-ƙasa, domin nan ne girgiza ta fi sauƙi. Gaba da can sama su suka fi jin igiyar ruwa. Ku buɗe taswirar jirgin ku ga abin da yake samanku da ƙasanku. Idan gidan rawa ne ko ɗakin girki ko filin ninkaya inda ake jan kujeru da asuba, ku sake wani. Ɗaki a sama, ɗaki a ƙasa, shi ne kwanciyar hankali.

Mutane sukan tambaye ni ko baranda tana da haɗari. Dokar Amurka ta 2010 ta ce shingen jirage kada ya gaza inci 42, wato sama da mita ɗaya, kuma ƙofar barandar tana da nauyi, tana da makulli. Haɗarin yana wajen kujera da tebur da suke can, waɗanda yaro zai iya takawa. Ni ina son baranda saboda dalili ɗaya: yara sukan yi barci da wuri, kuma idan ɗakin ba shi da ita, sai ku zauna cikin duhu kuna raɗa har naku barcin ya zo. Amma ƙa'idarmu ita ce ba yaron da zai fita sai da babba, ƙofa kuma a kulle take kullum. Idan naku mai hawe-hawe ne wanda ba ya jin bari, ku ɗauki mai taga ku huta. Ɗakin ciki wanda ba shi da taga ya fi araha, kuma duhunsa yana sa yara barcin rana mai nauyi. Iyali mai mutum biyar ko fiye su nemi ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani tun da wuri, don suna saurin ƙarewa. Gadon jariri a nema tun lokacin biyan kuɗi. Gadon sama da ake saukowa da shi daga rufi ba na ƙaramin yaro ba ne. Yawancin ɗakuna kuma shawa ce kawai babu bahon wanka, ban da na Disney da akasari suke da shi, don haka ƙaramin baho na hurawa yana da amfani. Bangon ɗakin ƙarfe ne, ƙugiyoyi masu maganaɗisu suna kamawa. Da su nake rataye mayafi tsakanin gadon jariri da namu, don kada ya farka ya gan mu ya ce gari ya waye.

Kuɗin tikiti ba shi ne ƙarshen kashewa ba. Akwai tukuicin ma'aikata da ake cirewa kullum a kan kowane mutum, galibi har da yara, ga intanet, ga lemo, ga yawon gari, ga ɗakin reno. Katin buɗe ɗaki shi ne katin sayayya, don haka ku sa a toshe na yara. Ganin likitan jirgi ma biya ake yi, kuma da tsada. Ku yi inshorar tafiya wadda ta haɗa da ɗaukar marar lafiya daga teku zuwa asibiti. Wannan kam ba na sassautawa a kansa.

Wajen haɗa kaya, ku ɗauki kunzugu da madara da magungunan yara fiye da lissafinku, domin shagon jirgi ba abin dogaro ba ne a kansu. Dutsen guga da butar lantarki ba a barin shiga da su saboda gobara. Keken jariri ya zama marar nauyi mai naɗewa, domin lunguna matsattsu ne, lifta kuma kullum a cike. Manyan akwatuna ana karɓarsu a tasha, ba sa isowa ɗaki sai bayan sa'o'i, wani lokacin sai dare. Saboda haka jakar hannu ta ɗauki takardu, magani, fida, kayan canji, da abin nan guda da yaro ba ya barci sai da shi.

Ranar farko akwai atisayen ceto, kuma dole ne. A da doka ta ba da awa 24 bayan an hau, har sai da jirgin Costa Concordia ya kife kusa da tsibirin Giglio na Italiya a ranar 13 ga Janairun 2012, mutum 32 suka rasu, alhali waɗanda suka hau a ranar ba a riga an yi musu atisayen ba. Daga nan aka mayar da shi kafin tashi ko kuma da zarar an tashi. Ku je da yaran da ƙafarku ku ga wurin taruwarku. Za a ɗaura wa ƙanana abin hannu mai alamar wurin, don in wani abu ya faru suna kulob, ma'aikata su kawo muku su can. Kada a cire shi har a sauka. Ku tambayi mai kula da ɗakinku rigar ceto daidai jikin jariri. A ranar dai ku yi rajistar kulob, ku shiga da yaron ya ga wurin kuna kusa. 'Yata ta ƙi sakin zanina a ranar, ta tsaya bakin ƙofa tana leƙen wasu suna fenti. Washegari ita ta ja ni zuwa can. Wani yaron kuma ba zai taɓa yarda ba har a gama, kuma wannan ba laifi ba ne. Kada ku gina dukkan hutunku a kan cewa zai zauna.

Wanke hannu da sabulu kafin cin abinci da bayan ban ɗaki ya fi duk wani magani. Ƙwayar norovirus mai sa amai da gudawa tana saurin yaɗuwa inda mutane suka cunkushe, kuma man goge hannu mai sinadarin barasa ba ya kashe ta sosai kamar yadda sabulu da ruwa suke kawar da ita. Yaron da ya fara amai a sanar da asibitin jirgi, kada a kai shi cikin yara. Maganin jiri da tashin zuciya kuwa ku tambayi likitan yara tun kafin tafiya, domin ba kowanne ne ake ba ƙanana ba. A bakin ruwa idonku ne mai gadi, ko da akwai ma'aikaci a tsaye.

Takardar shirye-shiryen kowace rana takan zo cike fal, kuma akwai ruɗi a cikinta. Abu ɗaya da safe, barci, abu ɗaya da yamma, ya wadatar. Ku zaɓi zaman abincin dare na farko, wanda yake wajen ƙarfe 6, tun kuna biyan kuɗi, domin na biyu yakan kai ƙarfe 8 lokacin yara sun galabaita. Idan yaro yana da abincin da jikinsa ba ya so, a rubuta wa kamfani tun makonni kafin tafiya, a kuma maimaita wa mai kawo abinci.

Ranar sauka gari, ku fita da sassafe ku dawo kafin barcin rana. Ku bi agogon jirgi, domin yana iya bambanta da na garin, wayarku kuma za ta sauya da kanta ba ku sani ba. Lokacin da aka rubuta kowa ya dawo yakan kasance rabin awa kafin tashi. Masu yara su dawo awa guda kafin wannan lokacin. Idan yawon ta hannun kamfanin jirgin kuka saya, za a jira motarku in ta makara, amma in da kanku kuka fita, sai ku bi jirgin zuwa tasha ta gaba da kuɗinku. Ba dole ba ne kuma a sauka ko'ina. Ranar da kowa ya fita, jirgin yakan zama wayam, babu layi a wurin wasa, babu turereniya a wurin abinci, kuma irin waɗannan ranakun yarana suka fi sakewa.

Daren ƙarshe za a ce ku fitar da akwatuna bakin ƙofa kafin ku kwanta, ba za ku sake ganinsu ba sai a tasha. Kafin ku zuge zif, ku ware kayan da kowane yaro zai sa da safe har da takalmi, da kunzugun da zai kai ku filin jirgin sama, da fasfo. Ku duba lissafin kuɗinku a daren, don layin gyara kuskure da safe dogo ne. In kuna da hali, ku nemi rukunin sauka na baya-baya, yara su karya a natse kafin a kira ku.